Soket ɗin kicin ya yi baƙi, firiji kuma yana jan mutum: ta ina zan fara?

Sabon Mai Gida ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wutar lantarki, domin akwai abin da ya dame ni, kuma ba na so in yi gaban kaina a cikinsa. Wata uku ke nan da muka tare a wani tsohon gida, kuma tun makon farko na lura cewa soket ɗin da muke jona butar dafa ruwa yana ɗumi, har idan aka zare filogi sai a ji ƙafafunsa sun yi zafin da yatsa ba ya jurewa. A 'yan kwanakin nan bakin ramin dama ya fara yin baƙi, wari irin na ƙonanniyar roba yana tashi. Ban da wannan, mai ɗakina ta sha gaya mini cewa firiji yana jan ta idan ta taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu babu takalmi a ƙafarta. Na ɗauka tsoro ne kawai, sai da ya ja ni ni ma.

Na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na kwance murfin soket ɗin, sai na tarar da waya biyu kacal, ja da baƙa, wurin da aka rubuta harafin E kuwa, wato mazaunin wayar ƙasa, babu komai a cikinsa. Na kira wani mai gyara ya duba, ya ce abin ba shi da wuya: zai sa sabon soket, sannan ya ɗauki guntuwar waya ya haɗa wurin N, wato mazaunin wayar nutiral, da wurin E a bayan kowane soket na gidan, ya ce da haka an sami wayar ƙasa ba tare da an fasa bango ba. Da na faɗa masa cewa bireka tana yawan faɗuwa idan buta da dutsen guga da injin wanki suka haɗu, sai ya ce zai cire mai amfiya 20 ya sa mai amfiya 32, ba za ta sake damuna ba.

Hankalina bai kwanta da maganarsa ba, amma ba ni da ilimin da zan musa masa, don haka na ce ya ba ni 'yan kwanaki. Abin da nake so in sani shi ne, mene ne ya ƙona soket ɗin alhali bireka ba ta faɗi a kansa ba, kuma shin haɗa N da E hanya ce da ta halatta a wannan sana'a? Ina kuma da niyyar ƙara soket biyu a ɗakin da nake ajiye kwamfuta, ina so in san yadda ake jan wayarsu bisa ƙa'ida, ko da ba ni zan yi aikin ba, domin in gane idan ana yi mini aikin ganin ido. Wutarmu bolt 230 ce, soket ɗin kuma irin mai rami uku ne masu kusurwa huɗu. Na gode.

Tsohon Mai Wayarin ya rubuta:

Wa'alaikumus salam. Malam, ka yi dabara da ka dakatar da shi, kuma kafin komai ina roƙonka ka daina amfani da wannan soket ɗin daga yau, ka zare filogin firijin ma har sai an duba shi. Na daɗe ina wannan aiki, kuma shawarwari biyun da aka ba ka suna daga cikin waɗanda na fi jin tsoro, saboda duka biyun suna ɓoye alamar ciwo ne, ciwon kuwa yana nan yana ci.

Zan fara da baƙin da ka gani. A mafi yawan lokuta soket yana ƙonewa ne saboda haɗin da ya saki, wato ko dai sukurun da ke riƙe waya a baya bai ɗauru ba, ko kuma ƙarafan cikin ramin da ke matse ƙafar filogi sun gaji sun daina matsewa. Inda haɗi ya saki, wuta tana wucewa ne ta ɗan ƙaramin wuri, sai wurin ya yi zafi. Zafin yana sa ƙarfen ya yi tsatsa ya kuma ƙara saki, sakin yana ƙara zafi, a haka har roba ta fara narkewa. Bireka ba ta ganin wannan ko kaɗan. Ita yawan wutar da ke bi ta cikinta kawai take aunawa, buta kuwa ba ta ja fiye da yadda ta saba ba, don haka a wurin bireka komai lafiya lau ne ko da bango yana hayaƙi. Gyaran wannan shi ne a yanke ƙarshen wayar da ta ƙone har a kai inda jan ƙarfen yake ƙyalli kuma rigarsa ba ta bushe ba, a sa sabon soket mai inganci, a canza filogin butar shi ma, domin filogin da ya taɓa ƙonewa yana lalata sabon soket cikin ɗan lokaci.

Batun haɗa N da E kuwa, kada ka yarda ko da kyauta za a yi maka. Wayar nutiral waya ce mai aiki, duk wutar da ta shiga na'ura ta cikinta take komawa. Wayar ƙasa kuma aikinta zaman jira ne, ba ta ɗaukar wuta sai ranar da aka sami matsala, kuma ita ce ke manne da jikin ƙarfe na firiji da injin wanki da dutsen guga. Idan ka haɗa su a bayan soket, ka haɗa jikin firijinka da waya mai aiki ke nan. Ranar da nutiral ta tsinke ko ta saki a wani wuri tsakanin soket da akwatin rarraba wuta, wutar da ta shiga na'ura za ta rasa hanyar komawa, sai ta bi ta guntuwar wayar nan ta hau jikin duk abin da aka jona, ya zama bolt 230 yana zaune a kan ƙofar firiji yana jiran wanda zai taɓa. Abin da ya fi muni shi ne a wannan hali na'urorin za su mutu kamar an ɗauke wuta, mutum ya sake jiki ya kai hannu. Haka kuma idan wani ya taɓa juya wayoyin a wani wuri, layif, wato wayar da ke kawo wuta, ta koma mazaunin nutiral, to tun daga ranar farko jikin firijin zai kasance da cikakkiyar wuta. A tsohon gida irin naka, wanda hannaye da yawa suka bi ta kansa, ba zan yi rantsuwa a kan launin ko wace waya ba sai na gwada. Akwai wurin da ƙa'ida ta yarda nutiral da ƙasa su haɗu, amma can ne a tushen wutar, ko a inda ta shigo gida a wasu tsare-tsaren, bayan soket ba ya cikin waɗannan wurare.

Sai maganar bireka. Ana zaɓen bireka ne gwargwadon kaurin wayar da ke bayanta, domin wayar take karewa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5, wato murabba'in milimita biyu da rabi, idan layi ɗaya ce da ta tashi daga akwati ta bi soket ɗaya bayan ɗaya ta ƙare a na ƙarshe, birekar amfiya 20 ko 16 ake sa mata. Wayar 1.5 ta fitilu ce, birekarta amfiya 6 ko 10. Idan aka ɗora amfiya 32 a kan layi guda na 2.5, wayar za ta riƙa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta a cikin bango inda ba ka gani, rigarta tana dahuwa a hankali. Faɗuwar da birekarka take yi gaskiya take faɗa maka: buta da dutsen guga da injin wanki mai ɗumama ruwa, kowanne yana iya jan amfiya 8 zuwa 10, ka ga idan sun haɗu sun haura 20 nesa ba kusa ba. Maganin shi ne a raba musu layi, a jawo sabo daga akwati zuwa kicin, injin wanki kuma a ba shi nasa.

Game da ɗaurin kansa, tunda ka ce kana so ka iya duba aikin da ake yi maka, ga abin da za ka sa wa ido. A fere rigar waya daidai tsawon da zai shige cikin ramin sukuru, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, kada kuma sukuru ya danne roba maimakon ƙarfe. Kada wuƙa ta ci jikin jan ƙarfen wajen ferewa, domin nan ne yake karyewa daga baya. Idan waya ɗaya ce a rami mai faɗi, a ninka ƙarshenta biyu don sukuru ya sami abin kamawa. Idan mai silli-silli ce, a murɗe ta tsaf ko a sa mata hular ƙarfe da ake matsewa, amma kada a shafa mata dalma, saboda dalma tana lotsawa a ƙarƙashin sukuru, haɗin ya saki bayan wani lokaci. Bayan an ɗaure, a ja kowace waya da hannu a ga ko za ta zame. Idan akwatin cikin bango na ƙarfe ne, shi ma a kai masa wayar ƙasa, a sa robar kariya a ramin da waya ke shigowa don kada kaifinsa ya yanke ta. Duk wani haɗi da aka yi ta hanyar murɗa waya biyu a naɗe da tef a tura cikin bango, a kwance shi. Haɗi yana zama ne a cikin mahaɗi mai sukuru ko mai matsewa, a cikin akwatin da za a iya buɗewa a duba.

Abu na ƙarshe, kuma da shi nake fara koya wa duk yaron da aka kawo mini: kashe bireka ba ya nufin wuta ta mutu. A gwada na'urar gwaji a wurin da aka san akwai wuta, a gwada wayoyin da za a taɓa, tsakanin kowace biyu daga cikinsu, sannan a koma a sake gwada na'urar don a tabbata ba ita ce ta lalace ba. Testar nan mai kama da sukundireba mai ɗan ƙwai a ciki ba abin dogaro ba ce a wannan aiki, tana iya ƙin kamawa alhali da wuta. Idan gidan yana da janareta ko inbata ko sola, a raba su su ma, domin wuta tana iya zuwa ta baya.

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Baba ya gama magana a kan aikin hannu, ni kuwa lissafi kawai zan ƙara, domin na lura cewa idan mutum ya ga alƙaluma da idonsa, ba a cika ruɗarsa da daɗin baki ba.

Buta mai wat 2,200 a kan bolt 230 tana jan kusan amfiya 10. Zafin da ke fita a kowane haɗi shi ne yawan wutar a ninka shi da kansa, sannan a ninka da turjiyar wurin, wato yadda yake tauye wucewar wuta, wadda ake aunawa da om. Idan sukuru ya saki har turjiyarsa ta kai rabin om, lissafin zai zama 10 sau 10 sau rabi, wato wat 50. Ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narkar da dalma da shi sau da yawa bai wuce wat 30 ko 40 ba, ka ga ke nan akwai abin da ya fi shi zafi a wuri mai girman farce, a cikin roba, duk lokacin da ake dafa ruwa. Wannan ne ya sa soket mai sakakken haɗi yake iya shekara yana cajin wayar hannu ba a ga komai ba, amma ranar da aka jona masa hita sai ya ƙone, tunda idan wuta ta ninka sau goma, zafin sau ɗari yake ninkawa.

Yanzu ga jikin mutum. Ana fara jin wuta tun tana kusan miliamfiya 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Idan ta kai wajen miliamfiya 10, tsokar hannu tana iya ƙanƙamewa mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, idan kuma ta kai gomomin miliamfiya ta ratsa ƙirji, tana iya hargitsa bugun zuciya. Jiki mai jiƙaƙƙiyar fata turjiyarsa tana iya sauka zuwa wajen om 1,000, wanda a kan bolt 230 zai ba da miliamfiya 230. Wannan ya isa ya kashe mutum, amma bai kai ko rubu'in amfiya ɗaya ba, birekar amfiya 20 kuwa ba za ta ko motsa ba. Don haka duk wanda ya ce maka bireka tana kare mutum daga jan wuta, bai fahimci aikinta ba.

Abin da ke kare mutum shi ne wayar ƙasa tare da birekar yoyon wuta, wadda za ka ga an rubuta RCD ko RCCB a jikinta, da ɗan maɓallin gwaji a gabanta. Ita tana kwatanta wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutiral ne. Idan lafiya ake, daidai suke. Idan wata ta zurare ta jikin firiji ko ta jikin mutum, sai a sami giɓi, ita kuma ta yanke. Wadda ake sa wa soket na gida mai miliamfiya 30 ce, kuma ƙa'idar ƙera ta ta ce ta yanke cikin milisakan 300 idan yoyon ya kai miliamfiya 30, cikin milisakan 40 idan ya ninka haka sau biyar. A Amurka, inda soket na gida bolt 120 ne, irin tasu ana kiranta GFCI, tana yankewa a wajen miliamfiya 5, kuma sau da yawa a jikin soket ɗin take.

Akwai wani kuskure da nake so in ja hankalinka a kai tun kafin a zo maka da shi. Wani zai ce a kafa sandar ƙarfe a ƙasa, a ja waya zuwa soket, shi ke nan an gama. Bireka mai alamar B20 tana buƙatar wutar da ta ninka ƙarfinta sau uku zuwa biyar, wato har amfiya 100, kafin ta faɗi nan take. Idan turjiyar sandar da aka kafa om 50 ce, misali, wutar da za ta bi ta ƙasa lokacin matsala amfiya 4.6 ce kawai, bireka ba za ta faɗi ba, jikin na'urar kuma zai ci gaba da zama da wuta mai haɗari. A gidan da ya dogara da sanda, birekar yoyon wuta dole ce. Ita ma tana da iyakarta: ba ta kare waya daga nauyin da ya yi yawa sai idan irin mai haɗe da bireka ce, wadda ake rubuta wa RCBO, kuma ba ta ganin mutumin da ya riƙe layif da nutiral a lokaci guda, domin a wurinta shi ma na'ura ce kamar kowace. A riƙa danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci kamar yadda maƙerinta ya rubuta, saboda tana iya ƙagewa idan ta daɗe ba ta motsa ba.

Mai Duba Gini ya rubuta:

Na yarda da Baba da Malama, sai dai akwai wuri ɗaya da nake so a yi wa mai gyaran nan adalci, ko da yake ba na jin abin da yake nufi ke nan. Akwai tsarin da ake sa birekar amfiya 32 a kan wayar 2.5 bisa ƙa'ida, shi ne tsarin zobe, inda waya ke tashi daga bireka ta zaga dukkan soket ta dawo cikin birekar da ta fito, ta yadda wuta ke isa kowane soket ta hanya biyu. A Ingila aka fito da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake tattalin jan ƙarfe, tare da filogi mai ƙafa uku masu kusurwa huɗu na ma'aunin BS 1363 da ya fito a 1947. Saboda birekar zoben tana da girma, shi ya sa aka sa fis a cikin kowane filogi, mai amfiya 13 ga manyan na'urori, mai amfiya 3 ga ƙanana, domin ya kare siririyar igiyar na'urar. Wanda ya cire fis ya cusa waya ko takardar alminiyam a madadinsa ya cire wannan kariya ke nan. Amma Malam ya ce waya biyu kacal ya gani a bayan soket ɗinsa, ja ɗaya baƙa ɗaya, zobe kuwa zai nuna biyu-biyu a kowane rami. Ko da an ga biyu-biyu ma ba a yanke hukunci sai an auna an tabbata zoben bai tsinke ba, domin zoben da ya tsinke yana ci gaba da aiki kamar ba komai, alhali ya zama layi biyu na 2.5 a ƙarƙashin amfiya 32. Ni a ra'ayina, a sabon aiki layi miƙaƙƙe mai birekarsa ya fi sauƙin dubawa da gyarawa.

Game da launi, ja da baƙa tsohon tsarin Ingila ne: ja layif, baƙa nutiral, kore ta ƙasa. Daga 2004 suka fara komawa launin Turai, ya zama tilas a 2006: ruwan ƙasa layif, shuɗiya nutiral, kore da ɗorawa ta ƙasa. A Amurka kuwa baƙa ita ce mai wuta, fara ce nutiral. Ka ga baƙar waya tana iya zama nutiral a wani gida ta zama mai kisa a wani, don haka wanda ya koyi aiki ta kallon bidiyo a intanet ya fara tambayar kansa a wace ƙasa aka ɗauki bidiyon. Idan sabuwar waya za ta haɗu da tsohuwa a gidanka, a sa wa kowace alama, a kuma manna gargaɗi a jikin akwatin rarraba wuta.

Soket biyun da kake son ƙarawa, kada a jawo su daga layin da ba shi da wayar ƙasa, domin kwamfutar tebur jikinta ƙarfe ne, kuma na'urar kare ta daga hauhawar wuta tana dogara da wayar ƙasa. A ja sabon layi mai waya uku. Hanyar wayar a cikin bango ta miƙe sama ko ƙasa ko gefe daga soket, kada ta yi karkace, saboda wanda zai buga ƙusa bayan shekara goma ya iya hasashen inda take, kuma a sa ta cikin bututu. A nisanta soket daga bakin famfo da saman murhu. Wanda zai zauna a waje ya zama mai murfin hana ruwa, kamar mai lambar IP66. Soket mai baki biyu ba a yi shi don ya ɗauki amfiya 13 a kowane baki a lokaci guda ba, don haka kada buta da hita su zauna a kan guda. A duba wayar da za a saya ma: a kankare ƙarshenta da wuƙa, idan ciki ya fito fari, alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, ita kuwa ba ta iya ɗaukar wutar da jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka, ga saurin saki a ƙarƙashin sukuru. Gidajen da aka yi wa wayarin da alminiyam a Amurka daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970 sun sha fama da zafin haɗi a bayan soket saboda wannan hali nata.

Sabon Mai Gida ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malama da Malam Mai Duba Gini. Na sallami mai gyaran farko, na nemo wani mai lasisi, ya zo da na'urorinsa ya yi rabin yini yana aunawa. Ya tabbatar da cewa sukurun layif na soket ɗin kicin a sake yake, har wayar ta zame da ya taɓa ta. Ya kuma gano soket biyu a falo da aka juya musu waya, layif tana wurin nutiral, wanda ke nufin da na yarda da shawarar farko, da jikin duk abin da aka jona a can ya ɗauki wuta. Wayar ƙasa tana nan a wasu ɗakunan, amma layin kicin da na ɗakin kwamfuta ba su da ita. Sa'ar da aka yi ita ce wayoyin a cikin bututu suke, ya ce zai iya zare tsofaffin ya zura sababbi uku-uku ba tare da fasa bango sosai ba. Ya ce zai sa RCBO a kowane layin soket maimakon birekar yoyo guda ɗaya ga gidan duka.

Tambayata ta ƙarshe ga Baba: idan ya gama, me zan ce ya nuna mini kafin in biya shi cikon kuɗinsa? Kuma shi firijin, da zarar an kawo wayar ƙasa matsalarsa ta ƙare ke nan?

Tsohon Mai Wayarin ya rubuta:

Madalla, Malam. Shawarar RCBO a kowane layi mai kyau ce, domin idan injin wanki ya yi yoyo layinsa kaɗai zai faɗi, ba a bar ku cikin duhu ba.

Kafin ya mayar da wuta, ka ce ya auna maka ci gaban wayar ƙasa daga akwati zuwa kowane soket, har da na ƙarshen layi, ya auna ƙarfin rigar wayoyin da na'urar da ke tura bolt 500, wadda bai kamata ta nuna ƙasa da megom 1, wato om miliyan ɗaya, ba, sabuwar waya kuwa ta kan nuna ɗaruruwa. A zare duk na'urori kafin wannan gwajin, don kada ya lalata su. Bayan an mayar da wuta, ya tabbatar da cewa layif tana ramin dama, nutiral tana hagu, ƙasa tana sama idan kana fuskantar soket, ya auna turjiyar hanyar da wuta za ta bi lokacin matsala, sannan ya gwada kowace RCBO da na'ura mai nuna lokacin da ta ɗauka kafin ta yanke, ba da maɓallin jikinta kaɗai ba. Ɗan abin gwajin nan mai fitilu uku da ake cusawa a soket yana da amfani wajen gano wayar da aka juya, amma ba ya gane inda aka haɗa N da E a baya, don haka tunda hannaye da yawa sun bi gidan, a kwance kowane soket a duba da ido. Ya rubuta maka sakamakon a takarda, ya kuma rubuta sunan kowane layi a jikin akwati.

Firijin kuwa a duba shi daban. Ɗan yoyo kaɗan yana iya zama na ɗabi'ar na'urar, wayar ƙasa za ta kwashe shi, amma idan rigar wayoyin cikin injinsa ce ta lalace, RCBO za ta riƙa faɗuwa da zarar an jona shi. Idan haka ta faru, kada kowa ya ce maka birekar ce ta cika tsanani har a cire ta; a auna firijin tsakanin ƙafafun filoginsa da jikinsa, a duba igiyarsa ko tana da wayar ƙasa da ta kai ga ƙarfen jikin, a gyara shi ko a canza shi kafin a mayar da shi kicin.